TOGO, JARUMIN TEKU NA ƘASAR JAPAN

Duk wanda ya ji an ce Togo, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ƙasar nan da ke tsakanin Ghana da Jumhuriyar Binin. To, ba ita mu ke nufi ba a filinmu na yau. Wannan Togo mutum ne, Bajapane, cikakken sunansa Togo Heihachiro, babban kwamandan mayaƙan ruwa wanda ya hallaka rundunar jiragen yaƙin Rasha cikin yini biyu a shekarar 1905. Kafin wannan karo, mutanen duniya sun ɗauka cewa in dai maganar manuwa da igwa a ke yi, to Bature ba shi da abokin karawa sai ɗan'uwansa Bature.

An haifi Togo ran 27 ga watan Janairu, 1848, a birnin Kagoshima, can ƙarshen kudancin Japan, cikin ƙasar Satsuma. Gidansu gidan samurai ne, watau mayaƙa 'yan gado masu ɗamara da takubba biyu, waɗanda ba su da wata sana'a sai hidimar sarkinsu. A zamanin nan Japan ta yi fiye da shekara 200 da kulle ƙofarta, baƙo ba ya shiga sai 'yan kasuwa kaɗan da aka keɓe wa tasha guda, ɗan ƙasa kuma ba ya fita. Babban Sarki yana nan a Kyoto amma suna ne kawai gare shi, mulki yana hannun Shogun, watau sarkin yaƙi. Togo yana da shekara biyar jiragen yaƙin Amurka suka zo a 1853 suka tilasta a buɗe ƙofar.

Abin da ya shata wa yaron hanyar rayuwarsa ya faru ne yana ɗan shekara 15. A 1862 wani ɗan kasuwar Ingila mai suna Richardson ya gamu da ayarin mahaifin Sarkin Satsuma a kan hanya kusa da Yokohama, yana bisa doki, bai sauka ba, bai kuma kauce yadda al'adar ƙasar ta tanada ba. Dogarai suka sare shi har lahira. Ingila ta nemi diyya da kuma a hukunta waɗanda suka yi kisan, mutanen Satsuma suka yi kunnen uwar shegu. Sai ga manuwa bakwai na Ingila a bakin Kagoshima cikin watan Agusta, 1863. Togo yana cikin samarin da aka sa ga igwogin bakin teku, suna ɗura musu dunƙulen ƙarfe irin na da, su kuwa Turawa suna jefo harsashi mai fashewa daga nesa. Mutanen Satsuma sun taɓuka, domin har kyaftin ɗin babban jirgin Ingila sun kashe, amma wani babban sashe na birnin ya ƙone ƙurmus a gaban idon yaron.

Abin sha'awa shi ne yadda manyan Satsuma suka ɗauki wannan duka. Ba su zauna suna zagi da cika baki ba. Suka biya diyyar, suka ƙulla abota da Ingila, suka shiga sayen jirage a hannunta, suka kuma tura samarinsu can su koyo abin da aka doke su da shi. Da Satsuma ta kafa nata mayaƙan ruwa, Togo ya shiga. Ya yi yaƙin basasar 1868 zuwa 1869 a cikin jirgin da a ke kira Kasuga, yaƙin da ya kawar da mulkin Shogun ya mayar da iko ga Babban Sarki Meiji.

SHEKARA BAKWAI A INGILA

A 1871 sabuwar gwamnati ta tura shi Ingila tare da wasu samari. Bai sami shiga makarantar hafsoshin ruwa ta gwamnatin Ingila ba, aka ce babu wuri, sai aka kai shi wani tsohon jirgi mai suna Worcester da ke tsaye a kogin Thames, inda a ke horon yaran da za su yi aikin jiragen 'yan kasuwa. Ga shi ya girme su, ga shi ya riga ya ga yaƙi da idonsa, amma haka ya zauna cikinsu suna yi masa ba'a suna kiransa Basine, don ba su san bambancin Sin da Japan ba. A 1875 ya shiga wani jirgi mai tafiya da iska, Hampshire, a matsayin ƙaramin ma'aikaci mai jan igiya, suka je Ostareliya suka komo ta ƙarshen kudancin Amurka, watau sun kewaye duniya ke nan. Ciwon ido ya kama shi har aka ji tsoron zai makance. Da ya warke ya yi karatun lissafi wurin wani malami a garin Cambridge, daga nan aka sa shi lura da ginin jiragen yaƙin da Japan ta ba da kwangila a Ingila. Cikin ɗayansu, Hiei, ya koma gida a 1878.

Wannan zama na Ingila mai yiwuwa shi ya tsirar da ransa. A 1877, yana can, samurai na Satsuma suka yi wa gwamnati tawaye ƙarƙashin Saigo Takamori, mutumin unguwarsu. Aka murƙushe su, mutanen da Togo ya tashi tare da su da yawa suka mutu a ciki.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani labari mai yawa. Ya riƙa hawa daga muƙami zuwa muƙami kamar kowa. Mutum ne gajere, mai shiru ƙwarai, wanda zai zauna a taro daga farko har ƙarshe bai ce uffan ba, har wasu suna ɗaukarsa mara kaifin basira. Wajen ƙarshen shekarun 1880 ciwon sanyin ƙashi ya kwantar da shi na dogon lokaci, har ya kusa rasa aikinsa. A kwancen nan ya duƙufa karatun dokokin da ke tsakanin ƙasashe, musamman dokokin yaƙi a teku. Mai karatu ya riƙe wannan, don zai yi amfani nan gaba kaɗan.

MAGANAR JIRGIN KOWSHING

A 1894 Japan da Sin suka shiga jayayya a kan wanda zai juya ƙasar Koriya. Togo a lokacin kyaftin ne na manuwa mai suna Naniwa. Da safiyar 25 ga watan Yuli, bayan an yi musayar wuta da wasu jiragen yaƙin Sin kusa da gabar Koriya, sai ga wani jirgin 'yan kasuwa, Kowshing, yana tafe da tutar Ingila. Kyaftin ɗinsa Bature ne, Galsworthy, amma gwamnatin Sin ce ta yi hayarsa, ciki kuwa akwai sojan Sin wajen 1,100 da igwoginsu za a kai su Koriya. Ba a riga an yi shelar yaƙi ba, sai ran 1 ga Agusta aka yi.

Togo ya tsayar da jirgin, ya aika hafsa ya duba takardu, ya umarci Galsworthy ya biyo shi. Kyaftin ya yarda, amma hafsoshin Sin suka ƙi, suka tsare Turawan da bindiga suka ce sai dai a komar da su inda aka ɗauko su. Aka yi ta kai da kawowa har wajen sa'a huɗu. Daga bisani Togo ya ɗaga alamar cewa Turawa su yi ta kansu, ya buɗe wuta, jirgin ya nutse. Kwale-kwalen Naniwa suka tsamo Galsworthy da mutum biyu cikin ma'aikatansa, suka bar sojan Sin cikin ruwa. Jiragen Faransa da Jamus da Ingila sun ceci wasu daga baya, amma fiye da 800 sun hallaka.

Jaridun Landan suka yi ca, ana cewa ƙaramar ƙasa ta nutsar da jirgi mai tutar Ingila, dole ta ɗanɗana kuɗarta. Gwamnatin Japan kanta hankalinta ya tashi. Sai wasu shaihunan doka biyu na Ingila, Holland da Westlake, suka rubuta a jaridar Times cewa abin da Togo ya yi bai saɓa wa dokar yaƙi ba, tun da an riga an fara harbe-harbe da safen nan, jirgin kuma yana ɗauke da sojan abokan gaba, ya kuma ƙi bin umarni. Ƙura ta lafa, a ƙarshe ma ƙasar Sin ce ta biya masu jirgin. Ta wajen doka Togo ya fita. Amma barin ɗaruruwan mutane su nutse alhali akwai halin ceto, wannan tabo ne a tarihinsa, ko da ya ke masu yabonsa ba su cika son tsayawa a kai ba.

Ya yi sauran yaƙin ƙarƙashin Admiral Ito Sukeyuki, har da karon bakin kogin Yalu ran 17 ga Satumba, 1894, inda aka karya lagon rundunar ruwan Sin. Japan ta ci nasara, yarjejeniyar Shimonoseki ta 1895 ta ba ta tsibirin Taiwan da wani zirin ƙasa a kudancin Manchuriya inda tashar Port Arthur ta ke. Ba a yi mako guda ba Rasha da Jamus da Faransa suka haɗa kai suka matsa mata ta mayar wa Sin wannan zirin ƙasa, wai don zaman lafiya. Bayan shekara uku, a 1898, sai ga Rasha ta karɓe Port Arthur ɗin don kanta ta jibge jiragen yaƙi. Japanawa suka haɗiye wannan, suka ɗauki kuɗin diyyar da Sin ta biya suka zuba wajen sayen manyan manuwa masu sulke daga Ingila. Na ƙarshensu shi ne Mikasa, wanda kamfanin Vickers ya gama ginawa a 1902, shekarar da Japan da Ingila suka ƙulla ƙawance.

Sa'ad da yaƙi da Rasha ya ƙarato, Togo yana riƙe da sabuwar tashar Maizuru, wurin da mutane ke gani kamar zauren jiran ritaya ne. Ba zato sai ministan mayaƙan ruwa, Yamamoto Gonnohyoe, ya ɗauko shi a ƙarshen 1903 ya ba shi dukan rundunar, ya sauke wanda ke kai. An ce da Babban Sarki ya tambayi dalili, ministan ya amsa cewa Togo mutum ne mai sa'a. Dalilin da ya fi wannan nauyi shi ne, ministan yana son wanda zai bi umarni sau da ƙafa, ba mai zafin kai da zai jefa jiragen da ba a da madadinsu cikin haɗari ba.

PORT ARTHUR

Matsalar Japan a fili ta ke. Sojanta na ƙasa duk ta ruwa za a kai su Koriya da Manchuriya, abincinsu da harsashinsu ma haka. In Rasha ta mallaki teku, yaƙi ya ƙare. Ga shi kuma Japan ba ta iya gina babbar manuwa da kanta a lokacin ba, wadda ta nutse ta tafi ke nan, alhali Rasha tana da wata runduna sukutum a ajiye a tekun Baltik.

Daren 8 ga Fabrairu, 1904, kwana biyu kafin shelar yaƙi, Togo ya aika ƙananan jirage masu sauri suka faɗa wa jiragen Rasha da ke tsaye a bakin Port Arthur da tofido, watau nakiyar da a ke harbawa ta bi ta cikin ruwa. Sun lalata manyan manuwa biyu da matsakaiciya ɗaya, amma ba su gama da rundunar ba. Ta shige cikin tasha ƙarƙashin kariyar igwogin tudu. Sau uku Japanawa suna ƙoƙarin toshe bakin tashar da tsofaffin jirage, ba su dace ba. Rasha ta aiko da gwaninta, Admiral Makarov, wanda ya fara farfaɗo da mutanensa, amma ran 13 ga Afrilu jirginsa ya taka nakiyar da Japanawa suka dasa, ya nutse da shi cikin 'yan mintoci.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ran 15 ga Mayu manyan manuwa biyu na Togo, Hatsuse da Yashima, suka taka nakiyar Rasha suka nutse, a ranar kuma wata matsakaiciya, Yoshino, ta yi karo da 'yar'uwarta cikin hazo ta nutse. Cikin yini guda ya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Hafsoshin da suka kawo masa rahoto suna kuka, shi kuwa bai ɗaga murya ba, bai zargi kowa ba. Gwamnati ta ɓoye asarar Yashima fiye da shekara guda.

Ran 10 ga Agusta rundunar Rasha ta fito tana neman gudu zuwa Vladivostok, ɗaya tashar tasu da ke arewa. A nan Togo ya kusa yin ɓarna. Ya ɓata lokaci wajen juye-juye har Rashawa suka wuce shi, ya yi ta bin su har rana ta kusa faɗuwa. Da sun kai duhu da sun tsira. Sai harsashi mai inci 12 ya sauka a kan jirgin kwamandansu, Admiral Vitgeft, ya kashe shi, wani kuma ya kashe masu tuƙi, sitiyari ya maƙale, jirgin ya kama kewaya, layinsu ya wargaje. Yawancinsu suka koma Port Arthur. Sa'ar da minista ya ambata ta yi rana, Togo da hafsoshinsa kuma suka ɗauki darasi cewa kada a sake barin abokin gaba ya wuce gaba. Jiragen da suka koma ba Togo ya nutsar da su ba. Sojan ƙasa na Janar Nogi ne suka kama wani tudu mai kallon tashar cikin Disamba, bayan asarar dubban rayuka, har da ɗan Nogi na cikinsa, suka yi ta jefa musu manyan harsasai daga tudu. Port Arthur ta miƙa wuya ran 2 ga Janairu, 1905.

TAFIYAR WATA BAKWAI

Tun cikin Oktoba, 1904, Sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya riga ya taso da rundunar Baltik ƙarƙashin Admiral Rozhestvensky, don ta je ta ceci Port Arthur. Tafiya ce ta mil 18,000, kuma Rasha ba ta da tasha ko ɗaya a hanya. Tun ba a je ko'ina ba tsoro ya kama su. A tekun da ke gabas da Ingila suka ga jiragen masunta na garin Hull cikin dare, suka ɗauka Japanawa ne, suka buɗe musu wuta suka kashe masunta, har suka harbi nasu jiragen. Saura kaɗan Ingila ta shiga yaƙin.

Manyan jiragen suka bi ta gabar Afirka, suka tsaya Dakar da Gabon, suka kewaye ƙarshen kudu, suka kai Madagaskar. Kwal kuwa wani kamfanin Jamus ke kawo musu, suna lodinsa da hannu cikin zafin da ba su saba da shi ba, suna cusa shi har cikin ɗakunan kwana. A Madagaskar suka ji labarin faɗuwar Port Arthur, watau abin da suka fito ceto ya riga ya tafi. Duk da haka aka ce su ci gaba. Suka yi fiye da wata biyu a can cikin zazzaɓi da ɓacin rai, ciyawar ruwa tana kama gindin jiragensu tana rage musu gudu. A gabar Vietnam, wadda ke hannun Faransa a lokacin, wasu tsofaffin jirage ƙarƙashin Admiral Nebogatov suka riske su, suka ƙara musu yawa, suka kuma ƙara musu nauyin jiki.

Shi kuwa Togo wannan lokaci ya shigar da jiragensa aka gyara su ɗaya bayan ɗaya, ya kai su wani lungun teku a kudancin Koriya, ya sa 'yan igwa koyon saiti safe da yamma har tsawon watanni. Wani hafsansa mai kaifin ƙwaƙwalwa, Akiyama Saneyuki, ya tsara yadda za a yi karon, manyan jirage da rana, ƙanana masu tofido da dare. Aka raba tekun gida gida a taswira, aka baza jiragen leƙen asiri masu wayar iska.

Hanya uku ce ke kaiwa Vladivostok. Ta kusa ita ce mashigin Tsushima, tsakanin Japan da Koriya, sauran biyun sai an kewaya ta arewacin Japan. Togo ya tsaya a kan cewa rundunar da ta gaji, ga ƙarancin kwal, ta kusa za ta bi. Amma da kwanaki suka wuce ba labari, hafsoshinsa suka fara tsorata, har aka shirya umarnin tashi zuwa arewa. Da an tashi da Rashawa sun wuce salin alin. Aka ƙara haƙurin kwana ɗaya ko biyu, sai labari ya zo cewa jiragen dakon kayan Rasha sun shiga Shanghai. Wanda ya sallami masu dakonsa ba doguwar hanya zai bi ba.

TSUSHIMA

Wajen ƙarfe uku saura kwata na daren 27 ga Mayu, 1905, wani jirgin leƙen asiri, Shinano Maru, ya hangi fitila cikin hazo. Jirgin asibitin Rasha ne, wanda ya bar fitilunsa a kunne bisa ga doka alhali sauran sun kashe nasu. Kafin gari ya waye saƙo ya isa Mikasa ta wayar iska. Da ƙarfe biyu saura minti biyar na rana, rundunonin biyu suna ganin juna, Togo ya sa aka ɗaga wata tuta wadda ma'anarta ita ce makomar ƙasa ta rataya a kan wannan karo, kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Manyan manuwa huɗu gare shi, da matsakaita masu sulke takwas. Rasha tana da manya takwas, ta kuma fi shi yawan manyan igwogi. Abin da ya fi su shi ne gudu, mil 15 a sa'a su kuwa wajen 9 zuwa 11, da ƙwarewar 'yan igwa, da wani irin albarushi mai suna Shimose wanda ke tayar da gobara duk inda ya faɗa.

Suna tafe gaba da gaba, kamar za su gifta juna kowa ya wuce, irin abin da ya faru cikin Agusta. Sai Togo ya ba da umarnin da ya sa har hafsoshinsa suka dubi juna. Ya juya Mikasa hagu, juyi na komawa baya, a gaban bakin igwogin Rasha, sauran jirage goma sha ɗaya kuma kowanne sai ya zo daidai wannan wuri ya juya. Wajen minti goma sha biyar Rashawa suna da wuri guda da za su yi ta saiti a kai, Japanawa kuwa na baya ba su iya harbi don na gaba sun tare su. Mikasa ta sha duka. Togo, yana da shekara 57, ya ƙi shiga ɗakin sulke, ya tsaya a sarari a saman jirgi da madubin hangen nesa a hannu. Amma da juyin ya cika, sai ga layinsa ya jeru a gefen Rashawa yana ɗan gabansu, yana danne musu kai, igwoginsa duka suna kallon jiragensu na gaba daga nisan mil huɗu.

Cikin sa'a guda magana ta ƙare. Babbar manuwa Oslyabya ta kife. Jirgin Rozhestvensky, Suvorov, ya zama gidan wuta ya fita daga layi, shi kansa ya sami mummunan rauni a ka. Kafin duhu Suvorov da Alexander na Uku da Borodino duk sun nutse. Daga Borodino mutum ɗaya tak ya tsira. Da dare ƙananan jirage suka shiga nasu aiki. Da safe Nebogatov ya ga an kewaye shi da 'yan jiragen da suka rage, ya ɗaga alamar miƙa wuya. Togo bai daina harbi ba sai da suka tsayar da injunansu, don a dokar da ya karanta jirgin da ke tafiya bai miƙa wuya ba tukuna. An kama Rozhestvensky a sume cikin wani ƙaramin jirgi.

Cikin jirage 38 na Rasha, 21 sun nutse, an kama 7, wasu sun fake a tashoshin 'yan ba ruwanmu an tsare su, uku kaɗai suka isa Vladivostok. Mutanensu fiye da 4,000 suka mutu, aka kama wajen 6,000. Japan ta rasa ƙananan jiragen tofido uku da mutum 117. Bayan 'yan kwanaki Togo ya je asibitin Sasebo ya gai da Rozhestvensky, ya ba shi haƙuri da girmamawa. A gida kuwa aka gurfanar da kwamandojin Rasha gaban kotun soja, aka sallami Rozhestvensky, aka yanke wa Nebogatov hukuncin kisa sa'an nan aka mayar da shi ɗauri.

Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya shiga tsakani, aka sa hannu kan sulhu a Portsmouth ran 5 ga Satumba, 1905. Japan ba ta sami diyyar kuɗi ko anini ba, don ita ma aljihunta ya bushe, ba ta da ƙarfin ci gaba. Jama'ar Tokyo da ba a gaya musu haka ba suka yi bore. Mako guda bayan sulhun, ma'ajin albarushin Mikasa ya fashe tana tsaye a Sasebo, ta nutse da mutum fiye da 250, ninki biyu na waɗanda Japan ta rasa a Tsushima. Togo ya riga ya sauka ya tafi Tokyo. Daga baya aka tsamo ta aka gyara.

Labarin Tsushima ya ratsa ƙasashen da ke ƙarƙashin Turawa kamar wutar daji. A Indiya da Masar da Turkiyya da Sin 'yan kishin ƙasa suka yi murna, har wasu suka raɗa wa 'ya'yansu sunan Togo. Mutanen Koriya kam ba su ga abin murna ba. Cikin Nuwamba na wannan shekara Japan ta karɓe harkokin wajensu, a 1910 ta haɗiye ƙasar ɗungum, ta mulke ta da hannun ƙarfe har 1945.

Togo ya rayu shekara 29 bayan Tsushima, cikin girma iri iri. Ya shugabanci hedkwatar mayaƙan ruwa daga 1905 zuwa 1909, Sarkin Ingila Edward na Bakwai ya ba shi lambar girma a 1906, a 1913 ya kai muƙamin ƙarshe na soja. Daga 1914 zuwa 1921 shi ke lura da karatun Yarima Hirohito mai jiran gado. Sai dai girman ya kai inda ba mai iya musa masa. Kato Tomosaburo, wanda ya tsaya kusa da shi a saman Mikasa, shi ya sa hannu a yarjejeniyar Washington ta 1922 mai ƙayyade yawan jiragen yaƙi, don ya gane Japan ba ta da arzikin da za ta yi tsere da Amurka. Amma da aka zo irin wannan yarjejeniya a Landan a 1930, Kato ya riga ya mutu, tsoho Togo ya goyi bayan masu zafin kai da suka ƙi ta, aka yi amfani da sunansa, cikin 'yan shekaru aka share masu sassaucin ra'ayi daga manyan muƙamai. Hafsoshin da suka taso bayansa suka ɗauki Tsushima kamar karatun allo, suna jiran yini guda da manyan igwogi za su sake yanke hukunci. Wani ƙaramin hafsa da ya rasa yatsu biyu a Tsushima, Yamamoto Isoroku, shi ya tsara harin Pearl Harbor na 1941, inda aka sake ɗaga irin tutar nan ta Togo. Yinin da su ke jira bai zo ba, jiragen sama da jiragen ƙarƙashin ruwa da masana'antun Amurka suka cinye rundunar a hankali cikin shekara huɗu.

Shi bai ga wannan ba. Ya mutu ran 30 ga Mayu, 1934, da ciwon daji a maƙogwaro, yana da shekara 86. Gwamnati ta yi masa jana'iza, Ingila da Amurka da wasu ƙasashe suka aiko da jiragen yaƙi don ta'aziyya. A 1940 aka gina masa ɗakin bauta a Tokyo bisa ga addininsu na Shinto, ko da ya ke an ce yana da rai ya nuna ba ya so. Ɗakin ya ƙone a ruwan bama-baman 1945, aka sake gina shi a 1964.

Mikasa kuwa tun 1926 aka kafe ta cikin siminti a bakin tekun Yokosuka don tunawa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kwashe igwoginta, har gidan rawa aka buɗe a kanta. Cikin waɗanda suka tsaya aka gyara ta a 1961 akwai Admiral Nimitz na Amurka, wanda ya jagoranci rundunar da ta karya Japan, wanda kuma tun yana ƙaramin hafsa a 1905 ya gamu da Togo a wata liyafa a Tokyo. Jirgin yana nan a Yokosuka, ana shiga kallo.